Baffa da Makarantun Ƙauyenmu Biyu

Ranar da Baffa ya rasu ban samu na zauna na yi makokinsa kamar sauran mutane ba. Kafin a dawo daga maƙabarta gidanmu na Ƙofar Marusa a birnin Katsina ya cika ciki da waje, kuma waɗanda suka cika shi kashi biyu ne. 'Yan unguwar Tudu sun shimfiɗa tabarminsu a dama da ƙofar gida, 'yan Gangare sun shimfiɗa nasu a hagu, kamar dai yadda unguwannin biyu suke zaune a ƙauyenmu. Ba wanda ya shirya haka, kowa ƙafarsa ce ta kai shi wajen nasa.

A cikin gida mata na ta shigowa da "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri." Wata tsohuwa 'yar Tudu ta riƙe hannun Inna, matar Baffa, tana kuka tana cewa, "Wayyo, makarantarmu ta zama marainiya." Wata 'yar Gangare a gefe ta ce, "Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Maƙwabtanmu 'yan birni kuwa, da ba su san shi ba sai a 'yan shekarun nan, tambaya suke yi, "Tsohon nan mai yawo? Wanda ke tare yara a hanya shi sa su karanta allon shago?" Shi ne fa.

Ni kuwa sai kai da komo nake yi tsakanin madafa da tsakar gida, in ɗauki buta in ajiye, in ɗauki tsintsiya in rasa abin da zan share. Ana cewa baƙin ciki ne. Har da shi. Amma abin da ya hana ni zama saƙo ne da Baffa ya bar mini, wanda na san in na faɗe shi rabin mutanen da ke ƙofar gida ba za su ƙara amsa gaisuwata da daɗi ba. Kuma wannan rabin dangin ubana ne.

Ga yadda abin yake. Ƙauyenmu ƙarami ne, amma firamare biyu gare shi na gwamnati, ta Tudu da ta Gangare. Da 'yan bindiga suka matsa mana aka watse, duka biyun suka rufe. Da hankali ya ɗan kwanta mutane suka fara komawa, sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya ce guda ɗaya za a buɗe, da malamanta, a rarraba malaman ɗayar zuwa wasu garuruwa. Suka ce mu daidaita kanmu kafin sabon zango, in mun kasa, su kwashe malaman duka su kai inda ake son su. Kowa ya san maganar Baffa ake jira, kowa kuma ya ɗauka ya san abin da zai ce.

Baffa wan mahaifina ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka tun ina goye "Uwata" yake kirana, kuma ni kaɗai ce a duniya nake yi masa faɗa ya sunkuyar da kai yana dariya. Manomi ne mai shanun huɗa. Bokonsa na yaƙi da jahilci ne, yana karatu da yatsa a kan layi, leɓensa na motsi. Amma tun kafin a haife ni shi ne shugaban iyayen yara na makarantar Tudu, Kawu kuma, wan mahaifiyata, shi ne na makarantar Gangare. Ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. "Na Tudu" da "Na Gangare" ke nan, a kasuwa, a masallacin Idi, har a wurin jana'iza. Gardamarsu guda ce kullum: wace makarantar ta fi.

Baffa ba ya yarda da labarin makaranta a bakin kowa. Yakan ce, "Ni ba ni tambayar hedimasta, in na tambaye shi daɗin baki za shi yi min." Da hantsi sai ya bar shanu a gona, ya zagayo ta bayan makarantar Tudu inda malamai ke jingine baburansu a gindin darbejiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannu a kan inji. In ya ji sanyi ya wuce. In ya ji zafi, to, mai babur ɗin yanzu ya iso, kuma ranar sai ya ji muryar Baffa ta taga. An yi wani malami da ya koyi zuba wa injinsa ruwa. Baffa ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa ya dubi sama, ya ce, "Malam, kai ɗai aka yi wa ruwa yau?"

Yana kuma da kunne. Yakan tsaya bayan aji ya saurara. In ya ji yara na maimaita abu guda suna rerawa har muryarsu ta dishe, ya san monita ne ke riƙe da bulala, malami ba ya ciki. Saboda wannan sa ido da faɗa da zarya zuwa ƙaramar hukuma, Tudu ta samu ginin bulo, da fenti, da bencina, da malamai masu takardu da ake turowa daga gari. Gangare kuwa ginin ƙasa ce, yara a tabarma, malamanta mata biyu da wani dattijo ɗan unguwar. Baffa yakan bi ta can da gangan ya dawo yana girgiza kai. "Makarantar da ko babur guda babu a ƙofarta! Gwamnati ma ta san inda take kai malaman kirki."

Ni ce babbar hujjarsu su biyun, kuma wallahi na gaji da zama hujja. Da mahaifina ya rasu mahaifiyata ta koma gidansu da ni, aka sa ni a Gangare. Ina tsakiyar firamare Baffa ya zo ya ɗauke ni a kafaɗa ya haura da ni Tudu, ya ce ba za a lalata masa uwa a kan tabarma ba. Da na zama ma'aikaciyar jinya kowa ya ce aikin makarantarsa ne. Ranar sunan ɗana na fari, a nan Katsina, gaban surukaina 'yan birni masu jin kai, suka tayar da gardamar. Baffa ya ce a Tudu na gama. Kawu ya ce a Gangare aka buɗe mini ido, Tudu ta zo ta tarar da tuwo a kwano ta sa hannu. Baffa ya miƙe, rawaninsa ya warware, ya ce ba zai ci naman sunan ba in Na Gangare na wurin. Sai da na fito da jego na tsaya a bakin zaure na ce, "Haba Baffa, a gidan mutane?" Ya zauna. Da la'asar na leƙa na gan su suna cin kan rago a tire ɗaya.

Amma kada a ɗauka ƙiyayya ce. Lokacin girbi, da iyaye ke cire yara daga aji don kwasar dawa, Baffa yakan ɗaura wa shanunsa amalanke ya bi gonakin marasa ƙarfi ya kwashe musu, sharaɗinsa kawai yaro ya koma aji gobe. Wata shekara na gan shi a gonar wata bazawara 'yar Gangare, 'ya'yanta duk a makarantar Kawu suke. Ya gan ni ya ɗaure fuska. "Uwata, kada ki kuskura ki hwaɗa wa Kawunki. Shanun ne suka ɓata hanya."

Da aka watse, shi da Inna da jikokinsa suka sauka wurinmu, maigidana ya ba su ɗakin zaure. Kawu ya sauka wurin ɗansa a Ƙofar Ƙaura. Birni bai karɓi Baffa ba ko kaɗan. Mutumin da ya saba gona, ga shi tsakanin bango huɗu, an sayar da shanu. Ba ya iya zama. Ya fita da safe ya bi lungu har Gobarau, ya tsaya ya kalli hasumiya kamar yana jiran ta yi masa magana, ya juyo, ya zarce Ƙofar Ƙaura ya sami Kawu su ɗora daga inda suka tsaya. Makarantun duka a rufe suke, awaki ke kwana a ciki, amma su biyun suna nan a kan benci suna gardamar wacce ta fi. Na yi faɗa har na gaji. Ga hawan jini, ga rana, ga 'yan acaba da ba sa ganin tsoho. Sai ya ce, "In na zauna, Uwata, ƙafafuna ke tambayata ina gona."

Shi ya tattara yaran ƙauyenmu da ke warwatse a unguwa, na Tudu da na Gangare, ya tasa su gaba zuwa wata firamare kusa da mu. Hedimastan ya karɓe su da mutunci, ya ce sai dai zai gwada kowa ya ga ajin da ya dace da shi. Baffa ya ce a gwada, har yana murmushi, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa. A gabansa aka yi. Yawancin 'yan Gangare aka bar su a ajinsu. Yawancin 'yan Tudu aka mayar da su baya, har da babbar jikarsa, wadda ake shirin kaiwa sakandare, ta tsaya gaban allo ta kasa haɗa baƙi.

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya ce hedimastan ne bai iya gwaji ba. Washegari ya ce yaran Tudu sun fi ganin tashin hankali, tsoro ne ya kama su. Daga nan ya fara abin da maƙwabta suka san shi da shi. Ya tare yaro a hanya, ya tambaye shi ɗan wace unguwa ne a ƙauye, ya ja shi gaban shagon tela ko na mai magani ya nuna allo da sanda. "Karanta min wancan." Ya yi ta yi, kamar mai neman kuɗinsa da ya faɗi a kasuwa. Kullum ya dawo fuska a murtuke, ya zauna, ya tashi, ya sake fita.

Wata rana na dawo daga aiki na same shi a tsakar gida, Inna na tsince shinkafa. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Uwata, a ina kika koyi karatu? Hwaɗa min tsakaninki da Allah."

Na ce, "A Gangare, Baffa. Da karatuna na hau Tudu."

Sai ya ce, "Shekara da shekaru ina taɓa injin babur. Ban taɓa tambayar kaina mi ya sa Gangare ba su da babur ba."

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Babur ɗin mi za su yi, Malam? A garin suke kwana. Tun kana alwalar walaha suke cikin aji. Naka kuwa sai sun taso daga gari, ranar kasuwa babu su, ranar ruwa babu su, ranar albashi babu su."

"Kin sani ba ki hwaɗa ba?"

"Wa ke hwaɗa maka magana a kan Tudu?"

Na ji tausayinsa har cikin raina. Mutum ne da bai taɓa cin ko kwabon makaranta ba, ya ba ta ƙarfinsa da muryarsa, ga shi da tsufa yana gano cewa gini ya yi ta tsaro.

Ana cikin haka maganar buɗe makaranta ɗaya ta zo. Baba Ƙarami, ƙanensu mahaifina, wanda ya riga ya koma ƙauye, ya riƙa zuwa da 'yan Tudu. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ginin Tudu na nan daram, Gangare kuwa iska ta yaye rufinta, damina ta ci bangon. Abin da suke so kawai Baffa ya je ya yi magana. Baffa ya ce sai ya ji sauƙin ƙafa. Suka dawo, ya ce sai bayan Juma'a. Mutumin da ke zaga rabin Katsina a ƙasa! A ɓoye ya hau mota ya je ofishin ilimi ya tambaya ko za a buɗe ginin Tudu da malaman Gangare. Suka ce kowace makaranta da nata malaman take tafiya, ba a haɗa kan wata da jikin wata. Ya dawo ya daina zuwa Ƙofar Ƙaura. Kawu ya aiko a tambaya ko lafiya, ya ce a ce masa lafiya lau.

Da safiyar ranar da ciwo ya kayar da shi, ina ɗaura ɗankwali zan tafi aiki, ya kira ni ya kira Inna.

"Uwata, Gangare za a buɗe. Ajujuwan nan biyu na baya a Tudu, mu muka gina su da gayya, kwanon da ke kai namu ne, ba na gwamnati ba. A cire shi a kai Gangare a rufa. Malami ba ya ciruwa, kwano shina ciruwa."

Na ce, "To ka tashi ka je ka faɗa musu mana."

"Bakina ba ya iyawa. Na gwada, in na ga fuskar ƙanena sai maganar ta maƙale. Ke za ki hwaɗa."

Raina ya ɓaci. Na ce shi ya ɗaura, shi zai kwance, ni mace ce mai aure a birni, me ya haɗa ni da taron maza? Na ce in na dawo za mu yi magana. Ban dawo na same shi da baki ba. Kafin azahar aka kawo mini shi asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye, idanunsa kawai ke bina duk inda na juya. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar uku, da aka shafa fatiha, na ji Baba Ƙarami ya fara cewa tunda kowa ya san ra'ayin marigayi, sai a aika wa ofis da sunan Tudu. Na yafa mayafi na tsaya bayan ƙyauren zaure. Na yi sallama, na yi musu gaisuwa, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ban rage ba.

Wurin ya kaure da hayaniya. Baba Ƙarami ya ce, "Ke yarinya, maganar mara lafiya ce." Wani ya ce dama jinin Gangare ne a jikina. Na ji wannan, kuma ta yi mini ciwo, don a kafaɗar Baffa na hau Tudu. Na ce lafiyarsa ƙalau lokacin, ni ce na auna jininsa da safen. Sai ga muryar Inna daga cikin ɗaki, tana takaba ba ta fito ba. "Ina wurin. Ya hwaɗa, kuma da hankalinshi. Wanda ya ce ɗiyar nan ta yi ƙarya, ni ya ce wa."

Kowa ya juya wajen Kawu, ana jiran ya yi murnar nasara. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Na Tudu ya cuce ni. Shekara nawa ina jiran shi hwaɗi wannan magana a gabana, sai da ya tabbatar ba ni iya ce mishi komi."

Ba a watse da daɗi ba. Wasu 'yan Tudu sun tafi ko sallama babu, akwai waɗanda har yau in na kira ba sa ɗagawa. Amma aka aika da sunan Gangare, don ba wanda ya iya tsayawa ya ce zai taka maganar mamaci. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ƙafafun nan da suka ƙi zama sun sami hutu, ya yafe masa taurin kansa, mu ma ya yafe mana namu.

Saura kwano. Na je ƙauye ranar da aka sa, na tarar an yi cirko-cirko a filin makarantar Tudu, ga tsani a jingine ba mai hawa. 'Yan Tudu sun ce hannunsu ba zai yi ba. 'Yan Gangare sun ce in suka hau za a ce ganima suka zo ɗiba. Rana na ta yi, zango kuma saura kaɗan. Har na fara tunanin na ɓata da dangina a banza. Sai Baba Ƙarami, wanda tun ranar addu'a bai dube ni ba, ya tuɓe babbar riga ya karɓi guduma.

"In dai sai an cire, ba wanda za shi taɓa ƙusar da yayana ya buga sai ni."

Ya hau. Yana zare ƙusa yana share ido da kafaɗa, samarin Tudu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na shiga ajin da na zauna ina yarinya, na ɗaga kai, sai ga sama. Nan na yi kuka sosai, ban damu da wa ke kallo ba.

An ɗauka Kawu na can Gangare yana jiran kaya. Da na fito sai na gan shi a bakin baranda, ya hauro tudun da sandarsa, shi da rabonsa da taka filin nan tun ina ƙarama. Matasa na jefa fallayen kwano a amalanke suna ƙara. Ya daka musu tsawa, ya matso ya kama gefen ɗaya da hannunsa.

"Ku bi a hankali, ku 'yan banza. Kada ku lanƙwasa mishi."

Haka ya bi amalanken a ƙasa har Gangare, hannunsa a kan kwanon.